Dietrich Bonhoeffer: Faston Da Ya Koma Gida Ya Ɗauki Gicciyensa

'Yan'uwa, muna rataya gicciye a wuya, muna kafa shi a kan majami'unmu. Amma a Luka 9:23 Ubangiji Yesu ya umarci mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Rayuwar Fasto Dietrich Bonhoeffer na ƙasar Jamus za ta taimake mu gane nauyin wannan umarni.

An haife shi ranar 4 ga Fabrairu 1906 a birnin Breslau. Mahaifinsa babban likitan ƙwaƙwalwa ne. Yana da shekara 21 ya sami digirin digirgir a fannin tauhidi a Jami'ar Balin. Da ya so, da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa, hankali kwance.

A 1933 Hitila ya hau mulki. Shugabannin ikilisiya da yawa suka yi masa maraba, har suka yarda a hana duk mai asalin Yahudawa aikin fasto. Bonhoeffer ya ƙi, domin Almasihu ya zubar da jininsa saboda kowace kabila, ba mai ikon korar wanda ya fansa. Ya shiga sahun fastocin da suka tsaya a kan cewa Yesu kaɗai ne shugaban ikilisiya. Daga 1935 ya jagoranci makarantarsu ta horar da fastoci a Finkenwalde, inda ɗalibai suke soma kowace safiya da Zabura da addu'a, suna kuma furta zunubansu ga juna. 'Yan sandan ciki suka rufe ta a 1937.

A wannan shekara littafinsa a kan almajiranci ya fito. A ciki ya gargaɗi ikilisiya kada ta mai da alherin Allah abu mai araha, wato mutum ya karɓi gafara ya koma kan zunubinsa kamar ba abin da ya faru. Ceto kyauta ne a gare mu, amma Allah ya biya shi da ran Ɗansa. Wanda ya gane wannan ba zai ji kiran Yesu ya ci gaba da zama ba.

A Yunin 1939, da yaƙi ya kusato, abokansa suka samar masa mafaka a Amurka. Bayan 'yan makonni ya shiga jirgin ruwa ya koma. Ya ga cewa in bai sha wahala tare da mutanensa ba, ba zai sami bakin magana ba ranar da za a sāke gina ikilisiya. Ya taimaka aka tsirar da waɗansu Yahudawa zuwa Siwizalan, ya kuma haɗa kai da masu shirin kawar da Hitila. Bai ce hannunsa tsarkaka ne a wannan ba. Ya ɗauke shi a matsayin laifin da yake bukatar jinƙan Allah.

An kama shi a Afrilun 1943, wata uku bayan baikonsa. Daga kurkukun Tegel ya rubuta wa abokinsa wasiƙu, yana nuna cewa Almasihu yana taimakonmu ne ta wurin rauninsa da wahalarsa. Ranar Lahadi 8 ga Afrilu 1945 ya bi da sujada ga 'yan'uwansa fursunoni daga Ishaya 53:5 da 1 Bitrus 1:3, wato raunukan Almasihu da tashinsa. Washegari aka rataye shi a sansanin Flossenbürg, yana da shekara 39. Bayan mako biyu sojojin Amurka suka iso sansanin.

Yawancinmu ba za mu fuskanci igiya ba. Namu gicciyen yana jiranmu a kasuwa, inda za mu ƙi tauye mudu. Yana ofis, inda ƙin cin hanci zai iya hana mu ƙarin girma. Yana gida, inda za mu gafarta wa wanda ya cuce mu, da kuma unguwa, inda za mu kāre maƙwabcin da ba kabilarmu ba. Bonhoeffer ya iya tsayawa a ranar ƙarshe domin ya saba yin biyayya a ranakun da ba mai kallonsa.

Mutuwarsa ba ta fanshi kowa ba, ta Yesu ce kaɗai take fansa. Bonhoeffer mai zunubi ne da aka gafarta masa, ya tashi ya bi. Ubangiji ya ba mu alherin bin sa yau, gobe kuma mu sāke ɗaukar gicciyenmu. Amin.