Malam Aminu Kano da Wasan Kwaikwayo

Idan aka ambaci marigayi Malam Aminu Kano a Gwandu ko Kalgo, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jam'iyyar NEPU da gwagwarmayar talakawa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa tun kafin ya hau mumbarin siyasa, a dandalin wasan kwaikwayo na makaranta ya fara faɗin albarkacin bakinsa, kuma mutumin karkara shi ne ya fara tsaya wa.

An haife shi a birnin Kano a ran 9 ga Agusta, 1920, a gidan Fulani Genawa, zuriyar da ta shahara da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano. Bayan karatun allo, ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya yi karatu daga 1937 zuwa 1942.

A wannan zamani wasan kwaikwayo irin na dandali baƙo ne a ƙasar Hausa. Ba wai kwaikwayo ne ba mu da shi ba: akwai tashe a watan azumi, akwai wasan gauta na matan fada, akwai kuma kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan kaka, inda ake naɗa sarki da alƙali na wasa. Abin da makarantun boko suka kawo shi ne wasan da ake rubutawa, a raba wa 'yan wasa matsayi, a haddace, a fito gaban jama'a. A shekarun 1930 Dokta Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa domin makarantu, to amma manufar irin waɗannan ba ta wuce nishaɗi da koyar da tarbiyya ba.

Nan ne Aminu, yana ɗan shekara goma sha takwas, ya sauya akalar abin. Tsakanin 1938 da 1939 ya tsara wasan Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke cutar baƙauye idan ya shigo da kayansa. Duk manomin da ya taɓa kai shinkafa ko albasa kasuwa, ya faɗa hannun dillalin da ba ya tsoron Allah, ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan suna. Wasa na biyu, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya fi na farko zafi, domin ya taɓo harajin da ake ɗora wa mutanen karkara fiye da ƙarfinsu. Sai mu tuna cewa a lokacin haraji da jangali su ne ginshiƙin baitulmalin En'e, kuma ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi ake tara su. Ɗalibin da ya fito da wannan magana fili, alhali mafi yawan abokan karatunsa En'e ce ke jiran ta ɗauke su aiki, ya san abin da yake saye da kuɗinsa.

Daga 1939 zuwa 1941 ya rubuta gajerun wasanni kusan ashirin domin 'yan makaranta, yana yi wa wasu al'adun da suka tsufa da kuma halayen ma'aikatan En'e ba'a. Akasarinsu ba a buga su a littafi ba, shi ya sa sunan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, ya fi nasu yawo a makarantunmu.

A ganinmu, hikimar zaɓen wasa a bayyane take. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939 ta fara fitowa, masu iya karanta boko kuwa 'yan ƙalilan ne. Wasa ba ya bukatar karatu, kuma abin da ba a iya faɗa wa mai mulki ido da ido, ana iya sa wa yaro rawani ya kwaikwaya, a yi dariya, saƙo ya isa. Mu mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga asalin wannan koke. Shehu Usmanu ya soki jangali da kuɗaɗen zalunci a Kitabul Farƙi, Malam Abdullahi na Gwandu kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki. Malam Aminu ya tashi cikin karatun waɗannan littattafai, kuma da su ya riƙa kafa hujja har ƙarshen rayuwarsa.

Da ya gama kwaleji aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan a Ingila ƙaro ilimin koyarwa. Bayan dawowarsa aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato, lardi ɗaya da Gwandu. Daga Maru ne ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa NEPU, ya kuma zama shugabanta a 1953.

Siyasa ta raba shi da rubuta wasa, amma ba ta raba shi da dabarun dandali ba. Lacca irin tasa cike take da labari da habaici da barkwanci, shi ya sa mutumin da bai taɓa shiga aji ba yake fahimtarsa. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya riƙe kwamishinan sadarwa, daga baya na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979. A shekarar ce gwamnonin jam'iyyarsa, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, shekara arba'in bayan wancan wasa na ɗan makaranta.

Ya rasu a ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Allah ya jiƙansa da rahama.