Lotte Reiniger: Matar da Ta Sa Takarda Ta Yi Tafiya

Yawancinmu mun taɓa yin wasan inuwa da dare. A kunna fitila, a haɗa yatsu, sai ga zomo ko kare a jikin bango. Akwai wata mata a ƙasar Jamus wadda ta riƙe irin wannan wasa tun tana yarinya har ta tsufa, ya kuwa zama sana'ar da ta sa duniya ta san ta. Sunanta Lotte Reiniger.

An haife ta a birnin Balin ran 2 ga Yuni, 1899. Tun tana ƙarama take yanka baƙar takarda da almakashi, tana fitar da siffofin mutane da dabbobi, tana yi wa iyayenta wasa da inuwarsu. Da ta zama budurwa sai ta shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt. A can ta riƙa yanka siffofin 'yan wasa, har wani babban ɗan wasa mai suna Paul Wegener ya lura da ita, ya jawo ta cikin aikin sinima. A 1919 ta yi gajeren fim nata na farko. A 1921 ta auri Carl Koch, wanda ya zama mai riƙe mata kyamara da abokin aikinta har mutuwa ta raba su.

To, yaya takarda take motsi? Takan yanka mutum daga kwali gaɓa-gaɓa: kai daban, hannu daban, ƙafa daban, sa'an nan ta haɗa su da siririyar waya. Sai ta kwantar da shi bisa teburin gilashi. Fitila tana ƙasa, kyamara tana sama. Ta ɗan gusa hannun, a ɗauki hoto ɗaya. Ta sāke gusawa, a sāke ɗauka. In aka nuna hotunan a jere da sauri, sai ido ya ga mutumin yana tafiya. A sinima ta yau ana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, wato 1,440 ke nan a minti guda. Wanda ya iya lissafi ya san wannan aiki ba na mai gaggawa ba ne.

A 1923 kuɗin Jamus ya lalace ƙwarai. Wani ma'aikacin banki, Louis Hagen, ya riga ya sayi fim ɗin ɗaukar hoto mai yawa don kada dukiyarsa ta narke. Shi ne ya ba ta wannan kaya, da wani ɗaki a bisa garejinsa a Potsdam, ya ce ta yi dogon fim. Rufin ɗakin gajere ne, saboda haka a durƙushe take aiki. Shekara uku ita da 'yan abokan aikinta suna fama. Labarin da ta zaɓa kuwa ba baƙo ba ne gare mu, gama daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi: Yarima Ahmad, da doki mai tashi sama, da Aladin mai fitila. Aka gama a 1926. Da fari masu gidajen sinima suka ƙi karɓa, sai da aka nuna shi a Faris mutane suka yaba. Cikin dogayen fina-finan zane mai motsi da suka rage a duniya, babu wanda ya girme shi. Ya riga na farkon Walt Disney da shekara 11.

Amma zaman lafiya bai daɗe ba. A 1933 Hitila ya hau mulki. Ita da mijinta ba su yarda da aƙidarsa ba, kuma abokansu da yawa suna cikin waɗanda ake tsananta wa. A 1935 suka bar Jamus. Ba ƙasar da ta ba su izinin zama na dindindin. Suka dinga yawo tsakanin Ingila da Faransa da Italiya, in takardar wannan ƙasa ta ƙare su ƙetara waccan. Duk da haka almakashi bai bar hannunta ba. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ta koma Balin, bama-bamai suna zuba, domin ta yi jiyyar mahaifiyarta. A cikin yaƙin nan asalin fim ɗin Yarima Ahmad ya salwanta. Allah ya sa akwai kwafi ɗaya a ma'ajiyar fina-finai ta Landan, daga gare shi ne aka gyara wanda ake kallo yanzu.

A 1949 suka koma Landan da zama. Can ta yi gajerun fina-finan tatsuniyoyi domin yara. Ɗaya daga cikinsu, labarin wani tela mai ƙarfin hali, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 1955. A 1956 ta yi fim a kan tauraron Baitalami da haihuwar Yesu. Da mijinta ya rasu a 1963, baƙin ciki ya sa ta ajiye aikin fim wajen shekara goma.

Sai ga shi bayan ta wuce shekara 70 aka fara gayyatarta Amurka da Kanada. Ta riƙa bin garuruwa da jami'o'i kamar masu majigi na dā, tana nuna gajerun fina-finanta, tana yanka takarda a gaban ɗalibai don su ga yadda ake yi. Gajeren fim ba ya samun wuri a manyan sinimomi, sai an ɗauke shi an kai wa mutane, kamar yadda bukukuwan fina-finai masu yawo gari-gari suke yi. A Kanada ta sāke yin sababbin fina-finai. Ta rasu ran 19 ga Yuni, 1981, a Dettenhausen kusa da Tübingen, tana da shekara 82. Ta bar fim fiye da 40, kuma gidan tarihi na Tübingen yana ajiye da siffofin da ta yanka.

Ya ku ɗalibai, sau da yawa mukan ji kuna cewa ba kayan aiki. Wannan mata da almakashi da kwali ta fara. Ta rasa ƙasa, ta rasa miji, aikinta mafi girma ya kusa ɓata, amma ba ta binne baiwarta ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Kowa ya duba abin da yake hannunsa, ya soma da shi.