Fernand Widal: Likitan da ya fara horar da jikin mai asma ya jure wa asfirin

Daga asibitocin Kafanchan zuwa ɗakunan gwajin jini na Kagoro da Zonkwa, da wuya a wuni ba a ambaci sunan Widal ba, domin da shi ake kiran gwajin zazzaɓin taifot. Sai dai kaɗan ne suka san mai sunan, balle gudunmawarsa ga masu ciwon asma.

An haifi Fernand Widal ranar 9 ga Maris, 1862, a garin Dellys na ƙasar Aljeriya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Faransa, inda mahaifinsa ke aikin likitan soja. Ya yi karatun likitanci a birnin Paris, a can kuma ya shafe rayuwarsa ta aiki. A 1896 ya nuna cewa ruwan jinin mai taifot yana sa ƙwayoyin cutar su dunƙule, abin da ya zama tushen gwajin da ke ɗauke da sunansa. Ya kuma bayyana yadda gishiri ke haddasa kumburin jiki ga masu ciwon ƙoda, ya ba da shawarar rage shi a abincinsu.

A 1922, shi da abokan aikinsa Pierre Abrami da Jacques Lermoyez suka wallafa rahoton wata mata da ke fama da asma da tsiron nama a cikin hanci, wadda numfashinta ke sarƙewa duk lokacin da ta sha asfirin. Maimakon su tsaya ga hana ta maganin, sai suka fara ba ta ɗan ƙanƙanin kaso, suna ƙarawa sannu a hankali, har jikinta ya saba. Wannan shi ne karo na farko da aka rubuta irin wannan jinya.

Aikin ya kwanta shekaru da dama, sai a 1968 Max Samter da Ray Beers suka sake fito da ciwon a Amurka. Daga baya aka gano dalilinsa: asfirin da danginsa, irin su ibuprofen da diclofenac, suna toshe wani sinadari a jiki, sai jikin wasu masu asma ya yawaita sinadaran da ke tsuke hanyoyin iska. Bincike ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 na manya masu asma ne ke da wannan matsala.

A yau ana bin hanyar Widal a asibiti kawai, gaban likita, da kayan ceton rai a kusa. Bayan an kammala, majinyaci na ci gaba da shan asfirin kullum, wanda ke rage dawowar tsiron hanci. Idan ya daina na 'yan kwanaki, matsalar takan dawo. Saboda haka gwada ta a gida ganganci ne. A inda ake sayen maganin ciwon jiki a kemis ba tare da takardar likita ba, mai asmar da ya taɓa jin ƙirjinsa ya matse bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi ya wajaba ya guje musu, ya kuma sanar da likitansa.

Widal ya rasu a Paris ranar 14 ga Janairu, 1929, yana da shekara 66. Wani asibiti a birnin yana ɗauke da sunansa har yau.