Charles Darwin (1809-1882): Rayuwarsa da Shakkunsa

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya gama sakandare bai ji sunan Darwin ba. Sai dai abin da akasarinmu muka riƙe game da shi magana ɗaya ce tak, wai shi ne Baturen da ya ce mutum daga biri ya fito. Wasu suna zaginsa a kan wannan magana, wasu suna yabonsa, alhali kuwa ba haka ya faɗa ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bi rayuwar mutumin daki-daki, a ga yadda wanda aka tura jami'a don ya zama limamin coci ya ƙare yana cewa shi bai san amsar tambayar samuwar Allah ba. Za a ga cewa abubuwa uku ne suka yi ta kai-komo a zuciyarsa: asalin ɗan Adam, azabar da ke cikin halitta, da kuma abin da ya rage wa mutum ya rayu dominsa idan imaninsa ya raunana.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Charles Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila. Ubansa Robert likita ne mai dukiya, uwarsa Susannah kuwa 'yar gidan Wedgwood ce, waɗanda suka shahara da sana'ar tangaran. Ta rasu a 1817, yana ɗan shekara 8.

A 1825 uban ya tura shi Jami'ar Edinbara don ya gaje shi. A zamanin nan ba a fara amfani da maganin sa barci wajen fiɗa ba. Sau biyu Darwin ya shiga ɗakin fiɗa, ɗaya daga ciki yaro ake yi wa aiki, kuma duk sau biyun ya fice kafin a gama. Abin ya daɗe yana damunsa. A can ne kuma wani baƙar fata mai suna John Edmonstone, wanda aka 'yanta daga bauta, ya koya masa yadda ake feɗe tsuntsu a cusa fatarsa a adana. Darwin ya riƙa tunawa da shi a matsayin mutum mai basira da daɗin zama.

Da uban ya ga likitanci ya faskara, sai ya mai da shi Kambirij a 1828, da nufin ya zama limamin coci a wani ƙauye. A nan ya karanta littattafan William Paley, wanda hujjarsa ita ce, duk wanda ya tsinci agogo ya duba cikinsa ya san akwai maƙerinsa, to, haka ido da fiffike suke nuna akwai Mahalicci. Hujjar ta gamsar da Darwin ƙwarai a lokacin. Amma fa yawancin lokacinsa a tara ƙwaro ya tafi, da yawo cikin saura tare da malaminsa na ilmin tsirrai, John Henslow.

Tafiyar Jirgin Beagle

Henslow ne ya yi masa hanyar shiga jirgin ruwan Beagle, wanda aka aika ya auna gaɓar tekun Amurka ta Kudu. Jirgin ya tashi ran 27 ga Disamba, 1831, bai komo ba sai ran 2 ga Oktoba, 1836. Darwin ya fita yana mai riƙo da addininsa, har ma'aikatan jirgin sukan yi masa dariya idan ya kafa hujja da Baibul.

Abin da ya gani a hanya shi ya fara girgiza shi. A Ajantina ya haƙo ƙasusuwan wasu manyan dabbobi da suka ƙare tun fil azal, amma suna kama da ƙananan da ke raye a wurin. A Barazil ya ga yadda ake azabtar da bayi, har ya yi sa-in-sa da kyaftin ɗin jirgin, Robert FitzRoy, wanda ke kare bautar. A Fabrairun 1835 girgizar ƙasa ta same shi a Cile, ya je ya ga birnin Concepción ya zama kufai, ya kuma lura cewa gaɓar teku ta ɗaga sama. A tsibiran Galapagos, inda ya yi kimanin mako biyar a wannan shekara, aka gaya masa cewa ana iya gane tsibirin da kunkuru ya fito ta siffar ƙwaryarsa. Bai fahimci muhimmancin wannan ba sai da ya koma gida, masana suka duba tsuntsayen da ya kawo.

Ra'ayin Juyin Halitta

A 1837 ya fara rubuta tunaninsa a asirce. A Satumbar 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus, mai cewa jama'a takan ƙaru fiye da yadda abinci ke ƙaruwa. Nan take ya ga bakin zaren. Kowace halitta tana haihuwa fiye da abin da zai rayu. 'Ya'yan kuwa ba su zama ɗaya, wani ya fi wani gudu, wani ya fi jure fari. Wanda halinsa ya dace da wurin zamansa shi ya fi samun tsira har ya haihu, ya gadar da wannan hali. Idan aka yi shekaru dubbai a haka, sai jinsi ya sauya. Kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari cikin garke, haka yunwa da cuta da farauta suke zaɓe, illa dai su ba su da nufi. Wannan shi ya kira zaɓen ɗabi'a.

Abin lura a nan shi ne, a wannan ra'ayi mutuwa ita ce ma'aikaciyar. Kyan idon shaho da saurin barewa, waɗanda Paley zai kira shaidar rahama, a wurin Darwin sakamako ne na halakar waɗanda ba su kai ba.

Ya yi shekara 20 bai buga ba. Takwas daga ciki ya yi su yana nazarin wasu 'yan halittun teku masu manne wa duwatsu da jikin jirage, daga baya kuma ya shiga kiwon tattabaru. Sai a Yunin 1858 wasiƙa ta zo masa daga Alfred Wallace, wanda ke bincike a tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya, ɗauke da ra'ayi irin nasa. Aka karanta takardun su biyun a taron masana a Landan ran 1 ga Yuli. Darwin bai halarta ba, domin kwana uku kafin nan ƙaramin ɗansa ya rasu. Littafinsa On the Origin of Species, watau asalin jinsunan halitta, ya fito ran 24 ga Nuwamba, 1859, kofe 1,250 a bugun farko.

Aure, Rashi da Raunin Imani

A Janairun 1839 ya yi auren zumunta da Emma Wedgwood, 'yar kawunsa. Ubansa ya shawarce shi ya ɓoye mata shakkunsa, amma ya ƙi, ya gaya mata tun kafin aure. Emma mace ce mai ibada. Ta rubuta masa wasiƙa tana nuna tsoronta kada a raba su a lahira, tana kuma roƙonsa kada ɗabi'ar neman hujja ta hana shi karɓar abin da ya fi ƙarfin hujja. Ya adana wasiƙar har mutuwarsa, ya rubuta a ƙasanta cewa ya sha yin kuka a kanta.

A 1842 suka koma ƙauyen Downe, inda ya zauna shekara 40, yana fama da ciwon ciki da amai da likitoci suka kasa ganowa. Sun haifi 'ya'ya goma, uku suka rasu suna ƙanana. Rashin da ya fi taɓa shi shi ne na Annie, 'yar lelensa, wadda ta rasu ran 23 ga Afrilu, 1851, tana da shekara 10, bayan doguwar jinya da ya yi zaman ta da kansa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko wannan rashi ne ya ƙarasa imaninsa. Shi dai ya ce shakkar a hankali ta shige shi, kuma yana wajen shekara 40 ya bar addinin Kirista. Ran Lahadi yakan raka iyalinsa har ƙofar coci, shi kuma ya wuce yawo.

Cikin tarihin kansa da ya rubuta wa 'ya'yansa a 1876 ya kawo dalilansa. Bai amince da labarun mu'ujizoji ba. Ya kuma ƙi aƙidar cewa duk wanda bai yi imani ba zai dawwama a wuta, domin a ganinsa hukuncin zai hau kan ubansa da wansa da aminansa. Iyalinsa sun cire waɗannan sassa a bugun 1887, sai a 1958 jikarsa Nora Barlow ta maido da su.

Zanzaro da Tsutsa

Babbar matsalarsa ita ce azaba. A wasiƙar da ya aika wa abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai Ba'amurke kuma mai riƙo da addini, a Mayun 1860, ya kawo misalin wani ƙwaro dangin rina da ke saka ƙwansa cikin jikin tsutsa mai rai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su riƙa cinta daga ciki. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga makamancin wannan: tsutsotsi a jere, an harbe su sun sandare amma ba su mutu ba, suna jiran ɗan da zai ci su. Ya kuma kawo misalin kyanwa da ke wasa da ɓera. Darwin ya ce ya kasa shawo kan zuciyarsa cewa Mai rahama, Mai iko duka, da gangan ya tsara haka. An sha cewa wahala tana gyara halin ɗan Adam, shi kuwa sai ya tambaya, to, wane hali wahala ke gyara wa dabbobi, waɗanda suka ninka mutane yawa?

Duk da haka, cikin wasiƙar nan ya ce bai iya ɗaukar wannan duniya mai ban mamaki a matsayin aikin makauniyar ƙarfi kawai ba. Ya karkata ga cewa wataƙila an tsara dokoki ne, aka bar sauran ga dace, sa'an nan ya amsa cewa batun ya fi ƙarfin hankalin mutum, kamar yadda tunanin Newton ya fi ƙarfin kare. A 1879 ya shaida wa wani mai tambaya cewa bai taɓa zama mulhidi mai musun samuwar Allah ba, sunan da ya fi dacewa da shi shi ne mai cewa bai sani ba. Ya ƙara da cewa mutum na iya yarda da Allah ya kuma yarda da juyin halitta.

Asalin Ɗan Adam

Sai a 1871, cikin littafin The Descent of Man, ya fuskanci batun mutum sosai. Abin da ya ce shi ne mutum da manyan birai kakansu ɗaya, wanda ya shuɗe tuntuni. Da yake gorila da cimfanzi a Afirka suke, ya yi hasashen cewa a nahiyarmu aka fara. Abubuwan da aka haƙo bayan mutuwarsa masana suna ganin sun ƙarfafa hasashen: ƙoƙon kan yaron Taung a Afirka ta Kudu a 1924, ƙasusuwan da ake kira Lucy a Habasha a 1974, da ƙoƙon kan Toumai a hamadar Chadi a 2001, wanda aka ƙiyasta ya kai kimanin shekara miliyan bakwai.

Ya kuma yi da'awar cewa tausayi da kunya da sanin ya kamata sun tsiro ne daga ɗabi'ar zaman tare, domin al'ummar da ke taimakon juna ta fi wadda ba ta yi tsira. Amma littafin yana da tabo. Duk da ƙiyayyarsa ga bauta da riƙonsa cewa 'yan Adam duka asalinsu ɗaya, ya jera al'ummomi hawa-hawa, Turawa a sama, ya kuma ɗauki mata a ƙasa da maza wajen hankali. 'Yan mulkin mallaka sun sami abin fakewa a irin waɗannan maganganu, ilmin yau kuwa ya yi watsi da su. Haka nan bayanin da ya bayar na yadda ake gadon halaye kuskure ne.

Ƙarshen Rayuwarsa

To, me ya rage wa wanda ya rasa tabbacin lahira? Amsar Darwin ita ce ya bi mafi kyawun abin da zuciyarsa ke umurtarsa, ya yi wa mutane alheri, domin a nan ne mafi girman jin daɗi yake. Ya yi shekaru yana riƙe da baitulmalin ƙungiyar taimakon juna ta talakawan ƙauyensu. Ya yi abota da limamin cocin ƙauyen, John Innes, duk da saɓaninsu. A 1880, da wani mai yaɗa ilhadi, Edward Aveling, ya nemi izinin sadaukar masa da littafi, ya ƙi, yana ganin kai wa addini hari kai tsaye ba ya amfanar jama'a. Bai ɓoye hasararsa ba: ya yi kukan cewa waƙa da kiɗa sun daina yi masa daɗi, ya kuma yi nadamar bai yi wa mutane alheri da hannunsa fiye da yadda ya yi ba.

Littafinsa na ƙarshe, a 1881, a kan tana ne, da yadda take juya ƙasar gona a hankali. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 73, Emma tana gefensa. Aka binne shi a babbar majami'ar Westminster, kusa da kabarin Newton. Labarin da ya bazu a 1915 cewa ya tuba kafin ya cika, 'ya'yansa sun ƙaryata shi.

Kammalawa

Malaman addini, na Musulunci da na Kirista, sun daɗe da amsoshinsu ga tambayar azaba: duniya gidan jarrabawa ce, kuma akwai hikimar da ta ɓuya ga bawa. Darwin ya ji irin waɗannan amsoshi daga bakin matarsa da Asa Gray, bai gamsu ba, su ma ba su gamsu da nasa ba, amma ba wanda ya yanke zumunci. Mai imani da ke son ya yi masa raddi, wajibi ne ya fara sanin abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba, ya kuma shirya wa tambayar tsutsar nan da ke cikin ɗakin zanzaro. Wanda kuma ke kafa hujja da shi don musun Allah, sai ya tuna cewa shi mai ra'ayin bai kai nan ba, ya tsaya ne a kan cewa bai sani ba.