Santos-Dumont: Mutumin da ya ƙera jirgin sama da gora, ya kuma bayar da sirrinsa kyauta

A ranar 13 ga watan Satumban 1909, wani ƙaramin jirgin sama da aka ƙera da gora da yadin siliki ya tashi daga filin Saint-Cyr da ke yammacin birnin Paris, ya sauka a garin Buc bayan kimanin minti 5. Tazarar kilomita 8 ce, wato jirgin ya yi gudun da ya kai kilomita 90 a sa'a guda, abin da ya sa shi cikin jirage mafi sauri na wancan lokaci. Nauyinsa kilo 100 ne da ƴan kai, kusan daidai da babur ɗin kabu-kabu. Wanda ya ƙera shi, kuma ya tuƙa shi, ɗan ƙasar Brazil ne mai suna Alberto Santos-Dumont.

Yau idan ana maganar ƙananan jiragen sama na wasa da shaƙatawa, masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, masana tarihin sufurin sama da dama wannan jirgi suke ɗauka a matsayin kakansu. Tambayoyin da ya tayar kuwa har yanzu su ne: wane irin gudu ƙaramin jirgi zai iya yi, wa zai iya sayensa, kuma ran matuƙinsa na cikin aminci?

Ɗan mai gonar kofi

An haifi Santos-Dumont ranar 20 ga Yulin 1873 a Cabangu, cikin jihar Minas Gerais ta Brazil. Mahaifinsa Henrique Dumont injiniya ne mai jinin Faransawa, wanda daga baya ya mallaki ɗaya daga cikin manyan gonakin kofi na ƙasar a yankin Ribeirão Preto. Saboda girman gonar, har layin dogo take da shi na jigilar amfani, kuma a nan yaron ya saba da injina, yana tuƙa kan jirgin ƙasa tun bai balaga ba. Littattafan marubucin Faransa Jules Verne su ne suka cusa masa sha'awar tafiya a sararin sama.

Mahaifin ya yi hatsarin da ya shanye masa ɓarin jiki, lamarin da ya sa ya sayar da gonar. Kafin rasuwarsa a 1892 ya damƙa wa ɗan nasa dukiya mai yawa, Alberto kuma ya tare a Paris yana da kimanin shekara 19, inda ya karanci kimiyya da sarrafa injina a hannun malami mai zaman kansa. Wannan gado ne ya ba shi damar da mafi yawan masu ƙirƙira ba su samu ba: bai taɓa buƙatar neman riba daga abin da ya ƙera ba.

Zagaye hasumiyar Eiffel

Da balan-balan ya fara. A 1898 ya tashi cikin wani ƙarami da ya raɗa wa suna Brasil. Sai dai balan-balan na da aibu guda: inda iska ta nufa can yake tafiya. Don haka ya koma ƙera masu siffar sigari, ya maƙala musu injin fetur da farfela da abin juya akala. Mutane da yawa sun ga hakan a matsayin ganganci, ganin cewa iskar haidurojin da ke cikin balan-balan ɗin tartsatsin wuta kaɗan take jira.

Wani attajirin man fetur, Henri Deutsch de la Meurthe, ya sa kyautar kuɗin Faransa faran 100,000 ga duk wanda ya tashi daga Saint-Cloud, ya zagaya hasumiyar Eiffel, ya dawo cikin minti 30, tafiyar kimanin kilomita 11. A watan Agustan 1901 jirginsa mai lamba 5 ya sace, ya faɗa kan ginin wani otel a unguwar Trocadéro, sai da ƴan kwana-kwana suka sauko da shi. Bai karaya ba. Ranar 19 ga Oktoban wannan shekara ya kammala zagayen da jirgi mai lamba 6. Bayan taƙaddama kan ƴan daƙiƙoƙi, kwamitin ya tabbatar masa da kyautar, shi kuma ya raba kuɗin tsakanin ma'aikatansa da talakawan Paris.

Daga nan sunansa ya game duniya. A 1903 yakan yi yawo a saman titunan Paris da ƙaramin jirginsa mai lamba 9, har ya sauka a ƙofar gidansa da ke titin Champs-Élysées. Abokinsa Louis Cartier ya ƙera masa agogon ɗaurawa a hannu a 1904, saboda matuƙi ba shi da hannun zaro agogo daga aljihu. Har yau kamfanin Cartier na sayar da agogo mai sunan Santos.

Wa ya fara tashi?

Bayan balan-balan, ya juya ga jirgi mai fukafukai, wanda ya fi iska nauyi. Ranar 23 ga Oktoban 1906, a filin Bagatelle, a gaban jama'a da alƙalan ƙungiyar sufurin sama ta Faransa, jirginsa 14-bis ya tashi da ƙarfin injinsa, ya yi tafiyar kimanin mita 60. Ranar 12 ga Nuwamba ya yi mita 220 cikin daƙiƙa 21 da rabi, kuma wannan ne bajintar jirgin sama ta farko da hukumar wasannin sama ta duniya ta rubuta a kundinta.

A nan ne taƙaddamar da ba ta mutu ba har yau ta samo asali. Ƴan uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun tashi tun ranar 17 ga Disamban 1903 a kusa da Kitty Hawk, kuma a 1905 sun yi tafiyar kusan kilomita 39 ba tare da sauka ba. Amma sun yi aikinsu ne nesa da idon mafi yawan ƴan jarida, suna kare sirrinsu. Ƴan Brazil na kafa hujja da cewa nasu gwanin ya tashi a bainar jama'a, a kan tayoyin jirginsa, ba tare da dogon katakon da ƴan Wright ke gudu a kai ba. Mafi yawan masana tarihi sun bai wa ƴan Wright matsayin farko, kuma lokacin da Wilbur ya nuna jirginsa kusa da Le Mans a watan Agustan 1908, Faransawa da kansu sun ga cewa ya yi musu nisa wajen sarrafa jirgi a sama.

Jirgin gora

14-bis babba ne, mai wuyar sarrafawa, matuƙinsa a tsaye yake cikin kwando. Abin da Santos-Dumont ke buri shi ne jirgin da mutum zai mallaka kamar yadda yake mallakar mota. A ƙarshen 1907 ya fito da jirgi mai lamba 19, wanda aka yi wa laƙabi da Demoiselle, kalmar da ke nufin budurwa a Faransanci, kuma sunan wani siririn ƙwaro ne mai shawagi a bakin ruwa. Gangar jikinsa sandar gora ce guda ɗaya, injinsa mai ƙarfin doki 20 ne. Ya yi rauni da yawa, bai jima ba ya lalace.

A 1909 ya gyara shi ya zama mai lamba 20. Sandunan gora uku ya haɗa suka ba jikin ƙwari, ya sa inji mafi ƙarfi na kamfanin Darracq. Faɗin fukafukan mita 5 ne da ɗoriya, kuma yakan ɗora jirgin a bayan motarsa ya kai shi filin tashi. Injin da farfela na sama, a gaban fiffike, matuƙi kuma na zaune a ƙasa tsakanin tayoyi, dab da ƙasa. Don karkata jirgin dama ko hagu, akwai wani ƙarfe a bayan matuƙi da ke shiga cikin aljihun da aka ɗinka a bayan rigarsa. Idan ya karkata jikinsa, wayoyi su murɗa bakin fiffike.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne bai yi rajistar mallakar fasahar ba. A daidai lokacin da ƴan Wright ke kai masu ƙera jirage kotu a kan haƙƙin ƙirƙirarsu, shi ya bar zanen jirginsa ga duk mai so. Mujallar Popular Mechanics ta Amurka ta buga zanen a 1910, mutane suka riƙa ƙera nasu a gida. Kamfanin Clément-Bayard na Faransa ya ƙera shi don kasuwa a kan faran 7,500, farashin da ke cikin mafi sauƙi a lokacin.

Sauri da hatsari

Duk da arahar, kaɗan ne aka saya, kuma dalilin na cikin ƙirar jirgin. Santos-Dumont ɗan ƙaramin mutum ne, nauyinsa bai wuce kilo 50 da kaɗan ba, kuma daidai jikinsa ya auna jirgin. Mai jiki yakan sha wuya kafin ya raba shi da ƙasa. Na biyu, ƙaramin fiffike ba ya ɗaukar nauyi sai da gudu, saboda haka dole jirgin ya tashi da sauri, ya kuma sauka da sauri, kuskure kaɗan ya isa ya jawo faɗuwa. Na uku, rashin nauyin da ya ba shi gudu shi ne ke sa guguwa ta yi wasa da shi. Birki ma babu. Matuƙi kan sa safar hannu mai kauri ya riƙe tayoyi don ya tsaya. Inji da tankin mai kuwa suna saman kansa, kuma kujera ɗaya ce, babu wurin malamin da zai koyar da sabon matuƙi.

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙware a kansa. Roland Garros, wanda filin wasan tanis na Paris ke ɗauke da sunansa, a kan Demoiselle ya koyi tuƙi, kafin ya tsallake tekun Bahar Rum daga Fréjus zuwa Bizerte ta Tunisiya a 1913.

Waɗannan matsaloli su ne hukumomin sufurin sama suka zo suna yi wa doka daga baya. Lokacin da Amurka ta ware rukunin ƙananan jiragen wasa a 2004, ta ƙayyade nauyinsu a kilo 600, kujeru biyu, ta sa iyaka ga gudunsu, sannan ta wajabta cewa jirgin ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba, domin sauka ta zo da sauƙi. Gora ta ba da wuri ga alminiyom da sauran kayan zamani, amma ciniki tsakanin sauri, rashin nauyi da aminci bai canza ba.

Shekarun ƙunci

A watan Janairun 1910 wata waya da ke riƙe fiffiken Demoiselle ta tsinke yana sama, ya faɗo, ya tsira da ƙananan raunuka. A wannan watan ne wani sanannen matuƙin Faransa, Léon Delagrange, ya mutu bayan fiffiken jirginsa ya karye. Santos-Dumont bai sake tuƙa jirgi ba. Yana da shekara 36 ya rufe wurin aikinsa ya sallami ma'aikata, a daidai lokacin da wata rashin lafiya ta jijiyoyi ta fara damunsa.

Ya koma Bénerville a gaɓar tekun Normandie yana kallon taurari. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, maƙwabta suka ga na'urar hangen nesansa ƙirar Jamus, suka zarge shi da leƙen asiri, jami'an tsaro suka binciki gidansa. An wanke shi, amma saboda ɓacin rai ya ƙone takardunsa da zane-zanensa. Daga baya ya koma Brazil, inda ya gina ɗan ƙaramin gida a Petrópolis a 1918, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda jirgin sama ya zama makami. Tun a 1911 sojojin Italiya suka fara jefa bam daga jirgi a Libiya, yaƙin duniya kuma ya mayar da abin ruwan dare. A 1926 ya roƙi Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani da ta haramta amfani da jirage a yaƙi, ba a saurare shi ba. Ya shafe lokaci mai tsawo yana jinya a Suwizalan da Faransa. A watan Disamban 1928, yayin da jirgin ruwan da ya ɗauko shi ke shiga Rio de Janeiro, wani jirgin sama mai ɗauke da sunansa, cike da manyan masana da suka fito tarbarsa, ya faɗa teku, babu wanda ya tsira. Ya nemi a soke bukukuwan da aka shirya masa.

A watan Yulin 1932 jihar São Paulo ta yi wa gwamnatin Getúlio Vargas tawaye, aka kuma yi amfani da jiragen sama a faɗan. Ranar 23 ga watan, kwana 3 bayan cikarsa shekara 59, Santos-Dumont ya kashe kansa a wani otel da ke Guarujá. Takardar mutuwarsa ta ce ciwon zuciya ne, gaskiyar kuma sai daga baya ta fito fili. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba.

A Brazil ana kiransa uban sufurin sama. An canza wa garin haihuwarsa suna zuwa nasa, haka ma filin jirgin saman tsakiyar Rio, kuma duk ranar 23 ga Oktoba ita ce ranar matuƙa jirage a ƙasar. Zuciyarsa na ajiye a gidan tarihin sufurin sama na Rio. Ga waɗanda ke zaune a Faransa ko masu ratsawa ta Paris, ana iya ganin Demoiselle a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, da sandunan gorarsa da ƴar kujerar da ke tsakanin tayoyi.