Conrad Waddington, masanin da ya nuna gado ba shi kaɗai ke tsara jiki ba

An haifi Conrad Hal Waddington a ranar 8 ga Nuwamba, 1905, a garin Evesham na Ingila, ya kuma yi ƙuruciyarsa ta farko a kudancin Indiya, inda mahaifinsa ke kula da gonar ganyen shayi. Ilimin duwatsu ya karanta a Jami'ar Cambridge, daga bisani hankalinsa ya koma kan yadda ɗan tsako ke ginuwa a cikin ƙwai.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, tantanin ido da na hanta da na ƙashi duk ƙwayoyin gado iri ɗaya suke ɗauke da su. To me ya raba su? A 1942 ya raɗa wa binciken wannan tambaya suna efijenetiks. A littafinsa na 1957 ya kwatanta tantani da ƙwallo mai gangarowa daga kan tudu, kwaruruka na rarrabuwa a gabanta. Gado ne ya shata kwarurukan, amma wanda ƙwallon za ta faɗa ya danganta har da abin da ta ci karo da shi a hanya, kamar zafi ko saƙon tantanin da ke maƙwabtaka da ita.

Bai tsaya ga misali ba. A Jami'ar Edinburgh, inda ya zama farfesa a 1947 bayan ya yi wa sojan saman Birtaniya aikin nazari a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa 'ya'yan wasu ƙananan ƙudaje, suna matakin ƙarshe kafin su fito da fiffike, cikin zafin digiri 40. Wasunsu suka fito babu wata jijiya a fiffike. Ya yi ta haɗa masu wannan tawaya suna hayayyafa, har ta fara bayyana ko ba a sa zafi ba.

Hausawan Fatakwal da Anacha da Inugu, kamar 'yan'uwansu na Arewa, suna ganin irin wannan a gidajen da sikila ta shiga. Jariri mai SS yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, domin jikinsa na yin sinadarin jini irin na ɗan tayi. Wajen wata 6 sai jiki ya rufe ƙwayar gadon da ke yin sa, ciwo ya taso, alhali gadon yaron bai sauya ba. Maganin hydroxyurea kuwa ɗan buɗe ta yake yi.

Zamaninsa bai yi masa adalci ba. Bayan gano siffar DNA a 1953 hankalin masana ya karkata can, aka ɗauki zancensa a matsayin falsafa. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Edinburgh ranar 26 ga Satumba, 1975, a shekarar da wasu masana suka fara bayyana cewa alamun sinadari da ke manne wa DNA na iya rufe ƙwayar gado.