Abubakar Imam: Malamin Da Ya Mai Da Tatsuniya Makarantar Fada

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, sa'an nan ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta garin. A zamanin nan tatsuniya abin dare ce, tsofaffin mata ke yi wa yara, masu ilimi kuwa ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin matafiyin da ya ratsa ƙasashen mutane da na aljannu yana neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Littafin ya fito da shi fili, har aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga kashi 3 tsakanin 1937 da 1939. Ya tsamo labarai daga tatsuniyoyin Hausa da littattafan Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a ƙauyensu abin ya faru.

Abin lura shi ne wanda ya bai wa ragamar littafin. Aku ne, tsuntsu marar dakaru, wanda ya tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman daga makircin Waziri ta hanyar ba shi labari dare bayan dare, har sarki ya komo daga yaƙi. Aku ya san gaskiya, ya san kuma lokacin faɗinta da lafazin da za ta shiga kunnen mai mulki. Da wannan ya kai ga sarautar waziri.

Rayuwar Imam ta bi wannan turba. A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga, ya bayyana masa matsalolin da ke damun Arewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, ya kuma riƙe aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981. Da yawa cikin waɗanda ke rubuta wa ministoci takardun shawara a Abuja a yau, a bakin Akun Imam suka fara jin yadda ake gaya wa babba gaskiya.